Dubai a Tsakiyar Zafi: Masu Gudu da Masu Neman Inuwa

Duk wanda ya san Dubai, birnin nan na Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, zai ce maka kada ka je a watan Yuli. Ni kuwa a Yulin na je, domin a lokacin ne ɗan yayata da ke aiki a can ya sami hutu, kuma ya daɗe yana yi mini naci in zo in ga motocin da muke ta gardama a kansu ta waya. Ni da shi ciwonmu ɗaya, son mota. Tun yana ƙarami in muka zauna hirar ba ta wuce inji da giya, wace ce ta fi tashi, wace ce ta fi riƙe kwana.

Jirginmu ya sauka bayan tsakar dare. A cikin filin jirgin sanyi ne har ya so ya yi yawa, amma ƙofar waje na buɗewa sai wata iska mai nauyi ta lulluɓe ni, kamar an ɗaga murfin tukunya a fuskata. Tabarau ya yi hazo nan take, sai da na cire na goge. Dare ne fa, babu rana babu dalilinta, amma kafin mu kai inda ya ajiye mota rigata ta manne a baya. Yaron ya dube ni ya ce, "Kawu, wannan ai da sauƙi. Bari gari ya waye."

Zafin Dubai ba na rana kaɗai ba ne. Garin yana bakin Tekun Fasha, teku ce marar zurfi da ke ɗumama sosai a wannan lokaci, sai ta cika iska da laima. Jikin ɗan Adam yana huce kansa ne ta hanyar bushewar gumi, to idan iskar ta riga ta ƙoshi da ruwa, gumin sai ya yi ta zuba ba ya bushewa, jiki kuma ba ya hucewa. Da rana ma'auni yakan wuce digiri 40 a Yuli da Agusta, da dare kuma da ƙyar yake sauka ƙasa da 30. Can cikin hamada ya fi haka: a Sweihan, cikin masarautar Abu Dabi, an auna digiri 51.8 a watan Yunin 2021.

A kan titin Sheikh Zayed na fara ganin abin da ya kawo ni. Titi ne mai layi shida ko bakwai a kowane hannu, dogayen benaye na gilashi sun yi masa jerin gwano dama da hagu, Burj Khalifa mai tsawon mita 828 ya yi musu zarra. Muna cikin tafiya sai na ji wata ƙara daga baya, ba hayaniya ba, wata murya ce mai kauri da ke ratsa ƙirji. Lamborghini Aventador ce, ruwan ɗorawa, ta shimfiɗe a ƙasa, tsayinta bai kai ƙirjin mutum ba. Silinda goma sha biyu ke kuka a bayan direba. Na daɗe ina karanta labarin kamfanin, yadda Ferruccio Lamborghini, mai ƙera taraktocin noma a Italiya, ya kafa shi a 1963, amma gani ya kori ji. Mota ce kyakkyawa, kuma ba na jin kunyar cewa zuciyata ta buga da na gan ta. Akwai basira da haƙuri na injiniyoyi a cikin irin wannan ƙira, kuma abin da hannun mutum ya gwanance a kai ya cancanci a tsaya a kalla.

Sai dai ba ta yi nisa ba. Mintuna kaɗan muka tarar da ita a cunkoson hanyar shiga Sharja, garin da ke maƙwabtaka da Dubai, tana tafiyar hawainiya tsakanin wata bas ta ma'aikata da wata ƙaramar Toyota.

Direban tasin da ya ɗauke mu washegari, wani dattijo ɗan Pakistan da ya yi shekaru yana tuƙi a garin, shi ya fara faɗa mini ra'ayinsa ba tare da na roƙa ba. A ganinsa motar tsere a cikin gari asarar kuɗi ce tsantsa. Hujjarsa mai sauƙi: iyakar gudu a kan Sheikh Zayed kilomita 100 zuwa 120 ne a awa, kyamarorin kama masu gudu kuma ba sa tambayar sunan mota kafin su rubuta tara. Motar da za ta iya kilomita 350 da tasinsa danja ɗaya ke tsayar da su, kuɗin Salik ɗaya suke biya in sun ratsa ƙofar haraji, layi ɗaya suke bi. Ya ƙara da cewa kujera biyu ce kawai, ba wurin iyali, ba wurin kaya, kuma duk tudun rage gudu sai direba ya tsaya ya danna maɓallin ɗaga gaban mota don kada ƙasanta ya karce. Ɗan yayata ya so ya yi masa musu, ya ce ai ba don zuwa kasuwa ake sayenta ba. Dattijon ya ɗaga kafaɗa ya ce to don me ake kawo ta kasuwar?

Wanda ya fi burge ni a duk tafiyar wani bakanike ne a unguwar Al Quoz, inda garejoji suka yi yawa. Garejinsa rufaffe ne, na'urar sanyaya wuri na aiki, ga Ferrari biyu da McLaren ɗaya an ɗage su sama. Mutumin ba ya zagin motocin, ba ya kuma yabonsu, yana magana a kansu ne yadda likita ke magana a kan majinyaci. Ya ce babban abokin gabar mota a ƙasar nan ba rairayi ba ne, zafi ne. Injin fetur, komai kyawunsa, kusan kashi ɗaya cikin uku kawai na ƙarfin man yake mayarwa gudu, sauran duk zafi ne da dole a fitar da shi ta salansa da lagireto. Injin da ya fi ƙarfi shi ya fi haifar da zafi. Shi ya sa Bugatti Veyron, mai silinda 16 da ƙarfin doki sama da 1,000, take ɗauke da lagireto har guda goma. Kuma lagireto iska take buƙata. An ƙera waɗannan motoci ne don su yi gudu iska ta riƙa kwarara ta hancinsu da gefensu. Idan ka tsayar da su a cunkoso, a kan kwalta mai ƙuna, esi na aiki iya ƙarfinsa, fanka kaɗai ke ceton inji.

Ya nuna mini wani tiyo na roba da ya bushe ya tsage, da batir da ya mutu tun bai tsufa ba. Mutane suna ɗauka sanyi ne ke kashe batir, in ji shi, alhali zafi ne ke cinye shi a hankali. Iska mai zafi kuma ba ta da kauri, iskar shaƙa da ke shiga inji takan ragu, sai kwamfutar mota ta rage ƙarfi da kanta don ta kare injin. Ma'ana, a tsakar ranar Agusta ba ka samun duk dokin da ka biya kuɗinsa. Taya ma haka: iskar ciki tana kumbura da zafi, tsohuwar taya kan fashe ana cikin gudu, shi ya sa 'yan sanda ke ta gargaɗi a kan taya duk lokacin zafi. Na tambaye shi wace mota yake hawa. Ya nuna mini wata Nissan Patrol fara a ƙofar gareji. Ita da Toyota Land Cruiser su ne motocin da 'yan ƙasa suka fi amincewa da su, kuma dalilin a fili yake: esi mai ƙarfi, tsayi daga ƙasa, da juriyar rairayi. Ya tuna mini da ruwan saman 16 ga Afrilun 2024, wanda ƙasar ba ta ga irinsa ba cikin shekara 75, lokacin da tituna suka zama tafkuna. A ranar, in ji shi, motar da ta fi kusa da ƙasa ita ta fara shan ruwa.

Ban bar garejin ba sai da mai ɗaya daga cikin Ferrarin ya zo. Matashi ne mai natsuwa, ba irin wanda na zata ba. Bai musanta komai daga maganar bakaniken ba. Ya ce daga Yuni zuwa Satumba motar tana kwance a ƙarƙashin bene, ba ya fito da ita sai bayan isha ko kafin fitowar rana. Lokacinta shi ne Nuwamba zuwa Maris, sa'ad da iska ke daɗi, a sauke gilashi, a je filin tsere na Dubai Autodrome ko a hau dutse. Da na tambaye shi ko bai ga asara ba a ajiye dukiya irin wannan wata huɗu, sai ya ce kowa da kiwon da ya karɓe shi, wani doki yake so, wani agogo, shi kuma ƙarar inji ce ke wanke masa gajiyar mako. Na yarda da shi. Ban ga laifin mutum ya so abu mai kyau ba, muddin bai taka kowa ba, bai kuma hana unguwa barci da ƙarar salansa ba.

Garin ma ya san amfanin waɗannan motoci wajen tallata kansa. Tun 2013 rundunar 'yan sandan Dubai ta fara tara motocin kece raini, Lamborghini, Ferrari, har da Veyron ɗin da kundin Guinness ya amince ita ce motar 'yan sanda mafi gudu a duniya, kilomita 407 a awa. Ba ɓarayi ake kora da su ba, a wuraren baƙi ake ajiye su ana ɗaukar hoto. Lambar mota ma dukiya ce. A 2008 an sayi lamba 1 ta Abu Dabi a kan dirhami miliyan 52.2, a 2023 kuma lambar P7 ta Dubai ta kai dirhami miliyan 55 a wani gwanjo na tallafin ciyar da mabuƙata. Hatta gasar tseren motoci ta Formula 1 da ake yi a filin Yas Marina na Abu Dabi, wadda aka fara a 2009, tana girmama rana: a ƙarshen shekara ake yin ta, a tashi da yamma liƙis a gama a ƙarƙashin fitilu.

Amma abin da ya fi tsaya mini a rai daga Dubai ban gan shi ta tagar mota ba. Wata rana yaron yana da uzuri, sai na fita ni kaɗai wajen azahar, da niyyar zuwa wani gini da nake hangowa a ɗaya gefen Sheikh Zayed. A ido kusa yake. A ƙafa kuwa babu hanyar tsallaka titin sai ta gadar tashar jirgin ƙasa, ita kuma tana can gaba. Na bi gefen titi, babu bishiya, babu rumfa, gilasan benaye na dawo da hasken rana, kwalta na turo zafi daga ƙasa, injinan sanyaya gine-gine na huro nasu daga gefe. A nan na fahimci wani abu da ake faɗa a kan manyan birane: siminti da kwalta suna shan zafi da rana su riƙa sakinsa da dare, kuma duk sanyin da aka samar a cikin ɗaki zafi ne aka tura waje, ga wanda ke tafe a ƙasa. Mai mota yana fita daga gida mai sanyi, ya shiga mota mai sanyi, ya sauka a ofis mai sanyi. Ana iya shekara a haka ba a san yadda garin yake ga mai ƙafa ba.

Kuma masu ƙafar su ne da yawa. Kusan kashi tara cikin goma na mazauna garin baƙi ne, akasarinsu ma'aikata daga Indiya, Pakistan, Bangaladash, Filifin da ƙasashen Afirka. Su ke gini, su ke shara, su ke ban ruwan furannin tsakiyar titi. Na ga masu kai saƙo a kan babur, da akwati a baya, da hular kwano da riga mai dogon hannu, sun taru a ƙarƙashin gadar sama suna jiran waya ta yi ƙara. Na tsaya wajen ɗaya daga cikinsu. Da na tambaye shi ra'ayinsa a kan motocin da ke wuce shi kullum, bai nuna hassada ba, bai kuma nuna sha'awa ba. Ya ce shi abin da yake dubawa a titi shi ne wace danja ce ke da inuwa, domin minti biyu a tsaye a rana cikin hular kwano ba wasa ba ne. Wannan amsa ta fi duk abin da na ji a tafiyar nauyi.

A yi adalci, hukuma ba ta naɗe hannu ba. Akwai doka da ta hana aiki a fili daga ƙarfe 12:30 zuwa 3:00 na rana, daga 15 ga Yuni zuwa 15 ga Satumba, da tarar dirhami 5,000 a kan kowane ma'aikaci ga kamfanin da ya saɓa. Na ga wuraren gini sun yi tsit a wannan lokaci. Akwai rumfunan jiran bas rufaffu masu esi. Akwai jirgin ƙasa na cikin gari, wanda aka buɗe ranar 9 ga Satumban 2009, marar direba, mai tsabta, mai zuwa a kan lokaci. Daga tashar Burj Khalifa akwai gada rufaffiya mai sanyi, tsawon mita 820, da ke kai mutum har cikin Dubai Mall. A ƙarshen 2024 kuma an sanar da wani shiri na shimfiɗa dubban kilomitoci na hanyoyin ƙafa da gadoji. Duk wannan abin yabo ne. Amma ƙarfe uku da minti ɗaya rana ba ta sauka ba, kuma tazarar da ke tsakanin tasha da ƙofar gida har yanzu a rana ake yin ta. Ni dai a wurina birni mai zafi da wannan tazarar ake auna shi, ba da adadin Ferrarin da ke titinsa ba.

A cikin jirgin ƙasan na zauna kusa da wata ma'aikaciyar jinya 'yar Filifin, muka ɗan taɓa hira. Ita ba ta taɓa mallakar mota a garin ba, ba ta kuma sha'awa. Ta zaɓi ɗaki ƙarami kusa da tasha a kan babba mai nisa. Abin da take so da garin, in ji ta, shi ne tana iya tashi daga aiki cikin dare ta koma gida ba fargaba. Abin da ke damunta kuwa shi ne wata huɗu na rayuwar cikin ɗaki, daga asibiti sai kanti sai gida, har mutum ya manta ƙanshin iskar waje. Ɗan yayata nasa lissafin daban ne. Ya zaɓi Sharja saboda haya ta fi sauƙi, yana biyan bambancin da lokacinsa, safe da yamma, a cunkoson Al Ittihad, titin da ya haɗa Sharja da Dubai.

Da la'asar sakaliya na isa Al Fahidi, tsohuwar unguwa a bakin mashigin ruwan da ya raba Deira da Bur Dubai. A nan ne 'yan kasuwa da suka ƙetaro daga Bastak ta Iran suka yi gidajensu sama da shekara ɗari da suka wuce. Lunguna ne matsattsu, katangu masu kauri na murjani da farar ƙasa, kowane gida na yi wa maƙwabcinsa inuwa. A saman gidajen akwai hasumiyar iska da suke kira barjil, buɗaɗɗiya ta fuska huɗu, tana kamo iska daga sama ta sauko da ita ɗaki. Ba zan ce akwai sanyi a lungunan ba, Yuli Yuli ne. Amma ana iya tafiya, ana iya tsayawa a gaisa. Magina na da sun ɗauki rana a matsayin abin da za a zauna da shi, suka tsara gari a kan haka. Benen gilashi kuwa ya dogara ne kacokan a kan wutar lantarki, in ta ɗauke awa ɗaya ba mai iya zama a ciki.

Kafin in taho yaron ya cika alƙawarinsa. Ya yi hayar Porsche 911, muka bar gari bayan sallar asuba muka nufi Al Ain, tafiyar kusan awa ɗaya da rabi, zuwa dutsen Jebel Hafeet a kan iyaka da Oman. Hanyar hawansa kilomita 11.7 ce, kwana bayan kwana, kwalta sumul, har sama da mita 1,200. A nan na gane abin da aka ƙera motar don shi. Injin yana baya, silinda shida a kwance, nauyinsa na danne tayoyin baya, sai ka ji tana tura ka daga cikin kwana maimakon ta ja ka. Sitiyari yana gaya maka duk abin da ke ƙarƙashin taya. Birki kuwa, taɓawa kaɗan ya isa. Ba mu karya doka ba, ba ma buƙata, domin daɗin hanyar a kwanonin yake ba a gudu ba. Na tuna cewa har zuwa 1998 iska ce ke sanyaya injin 911, daga nan kamfanin ya koma amfani da ruwa, domin ƙarin ƙarfi da dokokin hayaƙi sun fi ƙarfin tsohuwar dabarar. A saman dutsen iska na kaɗawa, busasshiya, hamada ta miƙe ja har iyakar gani. Na yi farin ciki irin wanda na daɗe ban yi ba.

Da muka sauko rana ta fara cizo, sai muka shiga dausayin Al Ain, inda dubban bishiyoyin dabino ke shan ruwa ta tsofaffin magudanan da ake kira falaj, wurin da UNESCO ta sa cikin kayan tarihin duniya a 2011. A wannan gari Sheikh Zayed, wanda babban titin Dubai ɗin nan ke ɗauke da sunansa, ya yi mulki tun 1946, kafin ya zama sarkin Abu Dabi a 1966 ya kuma jagoranci haɗa ƙasar a 1971, kuma gyaran magudanan nan na daga cikin ayyukansa na farko. Muka yi ta tafiya a ƙarƙashin dabinon, ba esi ba fanka, muna hira.

A hanyar komawa na tambaye shi, in ya sami kuɗin, zai saya?

Ya daɗe bai amsa ba. Sa'an nan ya ce, "Kawu, zan so. Amma in na saya, ina zan ajiye ta? Gidanmu babu rumfar mota. A rana za ta wuni, ni kuma ina ofis ina tunaninta." Ya ce abin da ke gabansa yanzu shi ne in hayarsa ta ƙare ya nemi ɗaki kusa da tashar jirgin ƙasa, ko da ƙarami ne, ya huta da Al Ittihad. Porsche kuma duk sanda sanyi ya shigo zai yi hayarta ya hau dutse. Na ce masa in zai zaɓi ɗakin, ya je ya duba shi da ƙarfe biyu na rana, ya taka daga ƙofa zuwa tasha da ƙafarsa kafin ya sa hannu a takarda. Ya ce zai yi, da sharaɗin in dawo a Disamba mu je Yas Marina tare.